Shekara ɗaya da rabi da maikiroskop ɗin da na saya da kuɗin adashe

A jikin kwalin an rubuta 2500X da manyan haruffa ja, kuma da wannan lambar mai shagon ya so ya cinye ni da baki. "Malam, wannan sau dubu biyu da ɗari biyar yake ƙara girman abu. Na manyan asibitoci ma iyakarsa dubu ɗaya." Na ce, "To Alhaji, shi na asibitin nawa kuke sayarwa?" Ya faɗi kuɗin da ya ninka wannan har sau kusan biyar. Na ce ashe mai rauni ya fi mai ƙarfi tsada ke nan. Ya yi dariya ya ce ai suna ake saya. Muka yi ciniki, na biya, na ɗaure kwalin a bayan babur.

Ni malamin bayoloji ne a wata makarantar sakandare. Muna da maikiroskop guda uku a ɗakin gwaji, irin na da, masu ido ɗaya da ɗan madubi a ƙasa wanda ake juyawa ya kamo hasken taga. Biyu sun makance tun kafin in zo, na ukun kuma kullum yana kulle a kabad, makullin yana aljihun wanda ba ka samunsa lokacin da kake buƙata. Shekara da shekaru ina zana ƙwayar halitta a allo da alli, yara suna kwafa, suna haddace sunayen sassanta, su ci jarrabawa su tafi ba wanda ya taɓa ganinta da idonsa. Abin yana cin raina. Da na ɗauki adashe sai na ce wannan karon madubin likita zan saya, in ya so babur ɗin ya ƙara haƙuri da tsohuwar tayarsa.

Wanda na saya mai ido biyu ne, ƙirar ƙasar Sin, irin waɗanda suka cika shagunan kayan asibiti. Yana da gilasan ƙasa guda huɗu a jikin wani kai mai juyawa: na 4, na 10, na 40 da na 100. Gilasan ido kuma kala biyu aka sako, na 10 da na 25. Fitilarsa LED ce mai batirin caji. Farantin da ake ɗora silaid, wato ɗan gilashin da ake shimfiɗa abin dubawa a kansa, yana da mamurɗai biyu da ke tura shi gaba da baya, hagu da dama, ba sai ka sa yatsa ba. A ƙarƙashin farantin akwai kondensa mai tattara haske, da 'yar ƙofar haske da ake buɗewa a tsuke. An haɗo da rigar leda, da 'yar kwalbar mai wadda ba ta fi yatsa ba, da takardar bayani mai shafi huɗu da Turancin da sai ka karanta sau uku kafin ka gane inda aka dosa.

In faɗi hukuncina tun yanzu: na ci ribar kuɗina. Amma gilasan ido na 25 ɗin nan, waɗanda su ne suka haifi lambar da ke kan kwali, sau biyu kacal na taɓa sa su, yanzu suna cikin durowa.

Lissafin ba wuya. Ƙarfin gilashin ido ake ninkawa da na gilashin ƙasa. Na 10 a kan na 40 ya ba ka 400, na 10 a kan na 100 ya ba ka 1000, na 25 a kan na 100 kuma 2500. Ka ga ba ƙarya suka yi ba a lissafi. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙara girma daban, ƙara bayani daban. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton mutum daga nesa da waya, ya sa yatsu biyu ya ja don ya ga fuskarsa, ya san abin da nake nufi: fuskar ta cika waya, amma ba ido ba hanci, sai dishi-dishi. Gilashin ido ba ya ƙirƙiro abin da gilashin ƙasa bai kamo ba. Aikinsa kawai ya buɗa abin da aka miƙo masa.

Wanda ya warware wannan magana Bajamushe ne, Ernst Abbe, da ke aiki tare da Carl Zeiss a garin Jena. A 1873 ya nuna cewa hasken kansa ke sa iyaka. Haske tafiya yake kamar igiyar ruwa, kuma in abubuwa biyu suka matsu da juna fiye da kusan rabin tsawon igiyar nan, to madubi zai nuna maka su a matsayin abu guda, komai kyansa. Iyakar tana wajen maikiromita 0.2, wato ka raba milimita ɗaya gida dubu biyar ka ɗauki ɗaya. Jan ƙwayar jinin mutum faɗinta maikiromita 7 zuwa 8 ne, saboda haka ana ganinta sarai. Bakteriya kuwa maikiromita ɗaya ce ko biyu, ana ganinta da ƙyar. Bairus irin na korona bai kai iyakar ba, don haka duk wanda ya ce zai nuna maka shi da irin wannan madubi, ka riƙe kuɗinka.

Lambar da ya kamata mai saye ya duba tana nan a jikin kowane gilashin ƙasa, an rubuta ta ƙanana bayan babbar. A nawa an sa 4/0.10, 10/0.25, 40/0.65 da 100/1.25. Ta biyun ita ke faɗin yawan hasken da gilashin ke iya kwasowa, kuma ita ke yanke ƙanƙantar abin da zai iya rarrabewa. Masu aikin sun daɗe da wata ƙa'ida: ninka lambar nan sau dubu, abin da ka samu shi ne iyakar girman da ke da amfani. Na 1.25 ya tsaya a 1250. Abin da ya haura haka kumfa ne. Mai shago bai taɓa ambatar wannan lamba ba, ina jin bai san tana nan ba.

Abin da ke ba ni dariya shi ne, mutumin da ya fara ganin bakteriya a duniya, madubansa da suka rage ba su ma kai sau 300 ba. Antonie van Leeuwenhoek ɗan kasuwar yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, kamar dai ka ce wani mai shago a Kantin Kwari, bai yi jami'a ba, bai iya Latin ba, harshen malaman zamaninsa. Da hannunsa yake yin gilasansa, ƙanana kamar ƙwayar gero, ya maƙale guda ɗaya tsakanin ƙarfe biyu ya kanga a ido. A 1674 ya ga halittu suna iyo a ruwan tafki, a 1676 ya ga bakteriya, a 1683 ya rubuta wa masanan Landan labarin waɗanda ya kankaro daga dattin haƙoransa. Mafi ƙarfin madubansa da suka rage yana wajen sau 270 ne. Gilashi mai kyau da haƙuri da iya sarrafa haske, su ne jarinsa. Har yau ɗalibaina ba su iya faɗin sunansa ba, "mai yadi" suke ce masa, ni ma na bi su.

Ranar da na fara kai madubin aji, albasa na riƙo daga gida. Ana ɓare ta, a ɗauki ɓari ɗaya, a sa farce a cikin kwarminsa a ɗago wani tantani siriri mai kama da leda. Shi ake shimfiɗawa a kan silaid, a ɗiga ruwan aidin, a kawo murfin gilashi a kafa gefensa ɗaya, a sauke shi a hankali don kada iska ta maƙale. In aka sake shi tim, sai ka ga zobba baƙaƙe ko'ina, yara su ɗauka su ne ƙwayoyin halitta su fara zanawa. Na saita a kan na 10, na ce a yi layi. Yarinyar da ta fara leƙawa ta daɗe ba ta ɗago ba, har na baya suka fara gunaguni. Da ta ɗago sai ta ce, "Malam, wallahi kamar ginin bulo, kuma kowane bulo da ɗan ɗigo a ciki." Ɗigon nan shi ne cibiyar ƙwayar, wadda ta shekara uku tana zanawa da biro. Na gaya musu cewa Robert Hooke na Ingila, da ya yanki ɓawon icen da ake toshe kwalba da shi ya duba, ƙananan ɗakuna ya ga ya yi kama da su, kuma daga kalmar ɗaki ya laƙaba musu sunan da Turawa ke kira har yau, wato cell. A littafinsa Micrographia na 1665 ya buga zanen. Tsakanin ɗakunan Hooke da bulon yarinyar nan ban ga wani bambanci ba.

Darasi na biyu da nake yi wa kowane aji shi ne na harafi. A yanko ƙaramin harafi daga tsohuwar jarida a ɗora. Zai fito kai a ƙasa, kuma in ka tura silaid dama, hoton hagu zai yi. Sai hannu ya saba da wannan kafin a je ga abu mai rai, in ba haka ba kana bin halitta tana guje maka.

Abu mai rai kuwa a kududdufi yake. Da damina ta kankama na aiki wani yaro ya ɗebo mini ruwan kududdufin bayan makaranta a gorar roba, da 'yar gansakuka a ciki. Ɗigo ɗaya. A na 4 ma ka ga abubuwa suna wulgawa. A na 10 ga wata halitta mai siffar tafin takalmi tana juyi tana cin karo da zaren gansakuka tana komawa baya, ga zaren gansakukar kuma da wani koren abu ya nannaɗe cikinsa kamar igiyar rijiya. Ajin ya kaure. Wani da kowa ya sani da wanka a wannan kududdufi ya ce shi daga yau ya daina. Na ce masa waɗannan da yake gani ba su ne abin tsoro ba, abin tsoron tsutsar tsargiya ce da ke fitowa daga jikin dodon koɗi ta huda fata ta shiga. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano ta a Alƙahira a 1851. Bayan mako biyu wani abokina da ke aikin gwaje-gwaje a asibiti ya aro mini silaid mai ƙwan tsutsar: dogo kamar ƙwallon dabino, da 'yar ƙaya a ƙarshensa. Yaron ya kalla ya yi shiru. Ko ya daina wankan, Allah masani.

A duk waɗannan madubin bai ba ni kunya ba. Na 4 da na 10 tas suke, na 40 ma babu laifi. Fitilar tana da haske fari mai sanyi, ba ta ƙona abin da ake dubawa kamar tsofaffin ƙwan fitila masu zafi, kuma batirin yana ɗaukar darasi biyu a jere ba tare da na damu da an kawo wuta ko an ɗauke ba. A wurinmu wannan kaɗai ya isa dalilin saye.

Yawancin waɗanda ke cewa madubinsu ba ya nuna komai, na lura hannunsu ne bai iya ba. Da ƙaramin gilashi ake farawa, kullum, ko da na 100 kake nufi. Ka leƙa ta gefe, ba ta cikin ido ba, ka ɗago faranti har ya kusanci gilashi, sannan ka sa ido ka riƙa sauke shi da babban mamurɗi har hoto ya fito. Ka kawo abin da kake so tsakiya sosai kafin ka juya zuwa gilashi na gaba, don fili ƙara tsukewa yake. Daga na 40 zuwa sama ba ruwanka da babban mamurɗi, sai ƙarami, saboda tazarar da ke tsakanin gilashi da silaid ba ta kai milimita ɗaya ba, murɗa ɗaya ya isa ka ji ƙas. Sai ƙofar haske, wadda kusan kowa ke mantawa da ita. Abu mara launi kamar halittun ruwa ko ƙwayoyin da aka kankaro daga cikin kunci, in ka buɗe ƙofar duka, haske zai shanye su ka rantse babu komai a silaid ɗin. Ka ɗan tsuke, sai su bayyana. In kuma ka tsuke da yawa, hoto ya yi kauri, ƙananan abubuwa su haɗe. Kada a yi amfani da ita don rage hasken da ke damun ido, fitila na da nata mamurɗin. August Köhler, wanda ya tsara yadda ake daidaita hasken maikiroskop a 1893, da zai ga yadda ɗalibaina ke wasa da ƙofar nan da ya riƙe baki. Masu ido biyu kuma sai an buɗa ko an matse bututun har da'ira biyu su zama ɗaya, in ba haka ba minti goma ya isa kai ya fara sarawa.

Gilashin 100 shi ne mai shan mai. Haske in ya fito daga gilashi ya shiga iska karkacewa yake, da yawansa ya zube a gefe. Man da ake ɗigawa yana lanƙwasa haske daidai da gilashi, sai ya zama kamar babu giɓi tsakanin silaid da madubi. Da shi na nuna wa 'yan aji shida bakteriyar da ke cikin kindirmo. Na shafa ɗan kaɗan a silaid har ya yi siriri, na bar shi ya bushe, na gifta shi ta kan wuta sau uku, na zuba rinin da ake kira shuɗin metilin, na ɗauraye. Ga su nan, wasu kamar guntayen sanda, wasu kamar carbi. Wata ta ce ta gama shan fura da nono. Na ce ai su ne suka mayar da madarar kindirmo, ba su ba sai dai ki sha ruwa.

To, aibobinsa. Na farko, gefen hoto ba ya fita tare da tsakiya. In tsakiya ta yi tas, gefe ya yi hazo, in ka gyara gefe tsakiya ta tafi. Gilasan masu araha ne, ba a gyara lanƙwasar fili a cikinsu ba. Waɗanda aka gyara ana rubuta Plan a jikinsu, kuma kuɗinsu daban. Ga ɗalibi ba matsala ba ce, ga mai ƙirga ƙwayoyi yini guda azaba ce. Na biyu, bayan wata huɗu farantin ya fara zamewa ƙasa da kansa. Ka saita, ka juya ka yi wa aji bayani, ka dawo hoto ya ɓace. Na koma shagon, mai shago ya ce shi sayarwa yake ba gyara ba. Abokina ne ya nuna mini wani zobe a gindin babban mamurɗi da ake ɗaurewa, cikin minti ɗaya ya gyaru. Takardar bayanin ko kalma ɗaya ba ta ce a kai ba. Na uku, cajar ta ƙone a wata na shida, ranar da aka kawo wuta da ƙarfi. Na sami wata mai ƙarfi iri ɗaya a kasuwa, tun daga nan kuma ba na caji sai ta bayan sitabilaiza.

Sauran ɓarnar laifinmu ne. Wani ɗalibi ya gama da na 100, maimakon ya juya ta wajen na 4, sai ya biyo da na 40 ta cikin man. Na 40 ba a yi shi don mai ba. Ban lura ba sai bayan kwana uku, na ga komai kamar ana kallo ta gilashin motar da aka shafa wa man shanu. Da takardar goge gilashi da ɗan ruwan wankinsa na yi ta fama, ya dawo, amma ban ce ya koma kamar da ba. Yanzu doka ce, ni kaɗai ke taɓa kwalbar mai. Kuma don Allah kada wanda nasa ya ƙare ya ce zai sa man gyaɗa, na ji wani ya ba da wannan shawara. Hoto ba zai fita daidai ba, kuma zai daskare ya yi danƙo.

Yanayinmu ma ba ya raga wa gilashi. Da hunturu ƙura ke shiga ko'ina, kuma ƙurar nan yashi ce. Wanda ya sa bakin riga ya goge, ya karce gilashinsa da hannunsa. Sai an fara hure ta da 'yar robar hura iska, sannan a goge da takardar gilashi, a hankali, daga tsakiya zuwa gefe. Damina ta fi muni. Na tafi hutun watan Agusta na bar shi lulluɓe da rigar ledarsa a cikin kabad, ina ganin gata na yi masa. Da na dawo sai ga wani abu kamar saƙar gizo a cikin gilashin ido ɗaya. Fumfuna ce. Leda ta riƙe laima, ga duhu, ga ɗumi, ta sami gida. Allah ya sa na gan ta da wuri, don in ta daɗe cin fuskar gilashin take, ba ta gogewa. Yanzu rigar yadi na ɗinka masa, kuma da damina a akwati mai murfi nake ajiye shi da ƙunshin gishirin nan mai shan laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, ina shanya su lokaci-lokaci.

Sau ɗaya na ɗauke shi na kai wurin abokin nawa muka jera shi da Olympus CX23 da suke aiki da shi. Silaid ɗaya muka sa, jinin mai zazzaɓin cizon sauro da aka rina da Giemsa, duka a kan 1000. A nawa na ga ƙwayar cutar, ɗan zobe shuɗi da jan ɗigo a cikin jan ƙwayar jini, abin da likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ya fara gani a jinin majiyyaci a Aljeriya a 1880, shi ma ba rini ya gan ta. Amma sai na kawo ta tsakiya, na yi ta wasa da ƙaramin mamurɗi. A nasu kuwa fili duka a shimfiɗe yake daga gefe zuwa gefe, launi ya fita, ido ba ya gajiya. Nan na gane abin da kuɗin nan ninki biyar ke saya, kuma ba suna ba ne kamar yadda Alhaji ya ce. Na kuma gane wani abu: sau biyu ina nuna ɗigon rini ina cewa ga ta, abokina yana girgiza kai. Saboda haka maƙwabtan da ke zuwa suna cewa, "Malam, tunda kana da na'ura duba mana jinin yaron nan," haƙuri nake ba su in ce su tafi asibiti. Gane ƙwayar maleriya sana'a ce da ake koyo, ba mallakar madubi ba ce.

Ga malamin makaranta, ko ɗalibin kwalejin kiwon lafiya da ke son ya saba da hannu a gida, ko uban da ke son 'ya'yansa su ga abin da ke cikin ɗigon ruwa, irin nawa ya wadatar. Wanda zai buɗe ɗakin gwajin jini ana biyansa kuɗi, ya ƙara tari ya sayi mai gilasan Plan. Duk wanda zai saya ya tafi shago da silaid ɗinsa a aljihu, ya sa a kunna masa, ya gwada gilasan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya duba ko hoto na zama kusan daidai in an juya daga wannan zuwa wancan, ya saita ya jira minti biyar ya ga ko faranti na zamewa. Ya tambayi kwalbar mai babba da takardar goge gilashi tun a nan, don ta cikin kwalin ba ta kai zango ɗaya. In aka ce ya ƙara kuɗi a ba shi gilasan ido na 25, ya ce a bar su, a ba shi fakitin silaid da murfinsu a madadinsu. Murfin nan ne ke ƙarewa. Ajina na bana kaɗai sun fasa mini fakiti biyu kafin hutun rabin zango.